Wa Ya Gaya Maka? Waiwaye Kan Masu Fassara Ƙasar Katsina

Cikin mutanen da suka fi tasiri a kan yadda ake karanta tarihin ƙasar Katsina akwai biyu da suka taka wannan yanki namu na Kankiya da Kusada. Na farko Bajamushe ne, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarimu. Ya ratsa ta Kusada a farkon 1851, a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Kano. Na biyu ɗan Musawa ne, Yusufu Bala Usman, wanda ya yi babbar firamare a Kankiya bayan wucewar wancan da shekara ɗari da 'yan kai. Da yaron ya girma ya zama malamin tarihi a Zariya, sai ya ɗauko littafin Baturen ya titsiye shi da tambayoyi irin waɗanda alƙali ke yi wa mai ba da shaida.

Gardamar da ke tsakaninsu ta girme su duka. Idan aradu ta faɗa wa kuka, sababi kaɗai ake nema, domin kuka ba ta da niyya. Amma idan gari ya juya wa sarkinsa baya, ko manomi ya sayar da gonarsa ya tafi cin rani, sababi bai isa ba, sai an ji abin da mutumin yake nufi da aikinsa. Hausawa sun riƙe ɓangarorin nan biyu tun da daɗewa. Sun ce ruwa ba ya tsami banza, sun kuma ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Masu nazarin al'umma sun shafe fiye da ƙarni suna jayayya a kan wanne ne zai shige gaba, kuma ƙasar Katsina na cikin wuraren da aka gwada kowane ɓangare aka ga iyakarsa.

Idan muka koma can baya, tarihi kayan fada ne. Maroƙa da makaɗa da dattawan gidan sarauta su ke riƙe da shi, da jerin sunayen sarakuna da adadin shekarun da kowa ya yi. A bakinsu muka gaji labarin Korau, ɗan kokawar da ya fito daga 'Yandoto ya kayar da Sanau, sarkin ƙarshe na Durɓawa, da taimakon matar Sanau ɗin, ya yanka shi ya hau karaga. Mai ba da wannan labari a gaban sarki yana tabbatar da haƙƙin wanda ke kan gado ne, babu ruwansa da binciken abin da ya sa mulki ya tashi daga wani gida ya koma wani a tsakiyar ƙarni na 15. Duk da haka labarin ba holoƙo ba ne. Mai sauraro na wancan zamani ya san abin da ake gaya masa: sabon gida ya karɓi mulki da ƙarfi, amma bai share tsohon ba, domin sarautar Durɓi ta ci gaba da zama cikin manyan sarautun Katsina. Ma'anar tana nan a fili ga wanda ya tashi a cikin al'adar, baƙo kuwa sai ya ji tatsuniyar kokawa kawai.

Malamai ne suka zo da wani ma'auni dabam. Tun daga zuwan Al-Magili a ƙarshen ƙarni na 15, zuwa zamanin Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina a ƙarni na 17, Katsina ta zama garin karatu, kuma cikin abin da ake karantawa akwai ilmin hadisi. Wannan ilmi ya koya wa almajiri tambayar da har yau ba a samu wadda ta fi ta ba: wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa? Duk wanda ya taɓa zama a zauren karatun ilmi bayan sallar asuba ya san yadda abin yake. Ɗalibi ya karanto layi, malam ya fassara kalma bayan kalma, sai ya dakata a kan wani mai ruwaya ya ce wannan amintacce ne amma haddarsa ta yi rauni da ya tsufa, wancan kuwa bai riski wanda yake cewa ya ji daga gare shi ba. Sannan a koma kan maganar kanta, a duba ko ta dace da abin da ya tabbata. Ruwaya ke nan da diraya, wato ingancin hanyar da labari ya biyo da kuma fahimtar abin da ya ƙunsa. A Arewacin Afirka, Ibn Khaldun ya riga ya ɗauki wannan ma'auni ya kai shi fagen tarihi tun 1377. A ganinsa amincin mai ba da labari bai wadatar ba, sai an auna labarin da ɗabi'ar zaman jama'a, a ga ko abu irin wannan yana iya faruwa ma.

Jihadin da ya fara a 1804 shi ne ya mayar da wannan tambaya ta zaure maganar rai da mutuwa. Shugabanninsa sun ba da bayanin sababi ƙarara: sun lissafa zaluncin masu sarauta, da jangali, da kuɗin gari, da gaisuwar da ake kai wa alƙali kafin ya yanke hukunci. Amma babbar rigimar ta tsaya ne a kan fassarar aiki. Mutumin da yake salla yake azumi, sannan ya yi yanka a gindin tsamiya ko a kan dutse, me ya aikata? Shehu Muhammadu Al-Kanemi na Barno ya rubuto cewa saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mutum daga Musulunci, kuma ya ga irin waɗannan al'adu a manyan ƙasashen Musulmi da ya zaga. Muhammadu Bello, ɗaya daga cikin shugabannin jihadin, ya amsa cewa abin ya wuce saɓo, ya ƙara da hujjar taimaka wa sarakunan Hausa a kan masu jihadi. Duka ɓangarorin sun yarda a kan abin da ido ya gani. Saɓaninsu a kan ma'anarsa yake, da niyyar mai yinsa. Malaman 'Yandoto, garin da aka ce Korau ya fito, sun ƙi karɓar fassarar masu jihadi, aka ci garin da yaƙi. Abin da ya kamata mu jinjina wa Bello a kansa shi ne, da ya zo rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, sai ya saka wasiƙun abokin gardamarsa a ciki, bai ɓoye su ba. Saboda haka ne har yau muke iya jin hujjar ɓangaren da bai yi nasara a ƙasar Hausa ba. Ga kuma Abdullahin Gwandu, wanda tun yaƙi bai ƙare ba ya fara tuhumar 'yan'uwansa da karkata ga dukiya da mulki, har ya kama hanyar gabas sai da mutanen Kano suka tsayar da shi. A Katsina dai Umarun Dallaje ya zama sarki a 1807, zuriyar tsohon gida ta koma arewa ta kafa Maraɗi, aka wayi gari ƙasa ɗaya tana da labari biyu, kowanne da fadarsa da maroƙansa.

Cikin wannan hali Barth ya iso a watan Janairu na 1851, ɗan shekara 29, yana tafiya da sunan gwamnatin Ingila. Ba ɗan yawon buɗe ido ba ne. A Jami'ar Barlin ya yi karatu a hannun August Böckh, gwanin tsoffin rubuce-rubucen Girka, wanda shi kuma almajirin Schleiermacher ne, malamin da ya tsara ƙa'idojin fahimtar nassi a Jamus. Wato mutumin da ya bi ta ƙarƙashin ganuwar Kusada ya fito ne daga gidan da aka fi daraja fahimta a duk Turai. Ya koyi Hausa da Barbarci, yana jin Larabci, yana neman littattafan malamai ya kwafa, kuma ya ɗauki mutanen nan a matsayin masu tarihi a lokacin da Hegel ya riga ya koyar a wannan jami'a tasu cewa Afirka ba ta cikin tarihin duniya. Wannan alheri ne da ba za a hana shi ba. Sai dai zamansa na farko a Katsina bai kai mako biyu ba, kuma ya ƙare shi ne cikin ciniki mai zafi da sarkin Katsina na lokacin, wani Muhammadu Bello dabam, a kan kyautar da zai bayar kafin a sake shi ya wuce. Ya dubi faɗin ganuwa ya ce birnin zai iya ɗaukar mutum dubu ɗari a da, yanzu kuwa da ƙyar su kai dubu bakwai ko takwas, ya ɗora laifin a kan yaƙin Fulani da Haɓe. Wannan hukunci ya shiga littattafai ya zauna daram fiye da shekara ɗari.

Shekarar da littafinsa ya fara fitowa, 1857, shekara ce mai ban mamaki a tarihin wannan gardama. A cikinta Auguste Comte ya rasu a Faransa, mutumin da ya yi burin a yi nazarin al'umma kamar yadda ake nazarin taurari. A cikinta Henry Buckle ya fitar da littafinsa a Ingila yana cewa yanayi da abinci da irin ƙasa su ke juya al'ummai, kuma ƙididdiga za ta tono dokokin. A cikinta kuma Johann Droysen, wani almajirin Böckh, ya fara karantar da ɗalibansa a Jena cewa aikin mai tarihi fahimta ne ta hanyar bincike, ya raba shi da bayanin sababi irin na masu ilmin halitta. Wilhelm Dilthey ya faɗaɗa wannan a 1883: muna iya fahimtar ɗan'adam ne saboda mu ma mun san tsoro da buri da kunya daga cikinmu, abin da ba mu da shi game da dutse. Max Weber ya zo ya nemi sulhu, ya ce bayanin da bai kama manufar mai aiki ba ƙididdiga ce kurma, fahimtar da ba a gwada ta da hujja ba kuma zato ce komai kyanta.

Mu a nan, abin da ya fara iso mana daga wannan kasuwar tunani shi ne mafi munin hajarta. Lugard ya shigo Katsina a 1903. Ba da daɗewa ba aka turo H. R. Palmer, wanda ya sa hannu wajen tuɓe Sarki Yero da naɗa Durɓi Muhammadu Dikko a 1906. Palmer mutum ne mai ƙwazon tara labari. Ya haƙa kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani a 1907, ya fassara tarihin sarakunan Kano a 1908, ya tara rubuce-rubucen da ya buga a juzu'i uku a 1928. Amma duk abin da ya tara yana zuba shi ne a ma'auni guda: duk wata sarauta ko ganuwa ko fasaha da aka gani a ƙasar baƙar fata, to wasu masu hasken fata ne suka kawo ta daga arewa ko gabas. Da ya ji sunan gari ya yi kama da wata kalma ta Masar ko ta Buzaye, shi ke nan asali ya samu. Sababi ɗaya, jini, ya isa ya bayyana komai, kuma ya zo daidai da bukatar mai mulki, tunda idan baƙi ne suka saba kawo ci gaba, Bature ya zama na baya-bayan nan a jerin masu alheri.

Mu tsaya mu dubi yadda ake samo irin wannan labari. Joji ya sauka a gari don kimanta haraji, an kafa masa kujera a inuwa, tafinta na tsaye, dagaci da dattawa na zaune a ƙasa, dogarin hakimi na gefe yana ji. Ana ƙirga gidaje da gonaki da shanu, sai a jefo tambaya: daga ina kakanninku suka zo, wa ya fara saran garin nan? Dattijon da zai amsa ya san cewa maganarsa na iya ɗaga gidansu ko ta kayar da shi, ya san kuma wanda zai kai rahoto gidan hakimi kafin magariba. Abin da ya faɗa ya bi ta bakin tafinta ya zama Turanci, ya shiga kundin gunduma, kundin ya tafi Kaduna. Bayan shekara hamsin ɗalibi ya buɗe shi a gidan adana takardu ya kwafe a matsayin tarihin garinsu. Da malamin zaure ne aka kawo wa wannan isnadi, da bai wuce mai ruwaya na farko ba.

Rushewar wancan gini na Palmer ta faro ne daga fannin harshe. Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya nuna daga baya cewa Hausa 'yar'uwar harsuna masu yawa ce da ke nan tsakanin Bauci da Filato da tafkin Cadi, kuma rukunin da ake kira na zuriyar Hamu ba shi da tushe a ilmin harshe. Sai masu nazarin zaman jama'a suka shigo. M. G. Smith, mutumin Jamaika, ya yi aiki a Zazzau a 1949 da 1950, ya dawo a ƙarshen shekarun 1950 ya zaga Kano da Katsina da Daura. Littafinsa na 1960 a kan mulkin Zazzau ya rufe ne da dokoki uku da ya ce su ke tafiyar da sauyin tsarin mulki. A lokacin ana tsakiyar muhawarar nan ta sababi da fahimta a Turai da Amurka: Carl Hempel ya ce a 1942 babu bayanin tarihi sai da doka gama-gari a ƙarƙashinsa, littafin Collingwood na 1946 kuma ya ce aikin mai tarihi shi ne ya sake tunanin da mutanen da suka yi a cikin kansa. Abin sha'awa, gidan Smith ɗaya ya haɗa ɓangarorin biyu. Yayin da maigida ke neman dokoki, matarsa Mary tana zaune da wata tsohuwa, Baba ta Karo, tana rubuta rayuwarta daga bakinta: aure da saki, kishi, harin masu kamun bayi, bori, ƙawance. Littafin ya fito a 1954, kuma a ganinmu ya fi na mijin tsawon rai.

A 1967 Polly Hill ta zauna a Batagarawa, kudu da birnin Katsina kaɗan. Masana tattalin arziki na lokacin suna maganar manomin Afirka kamar mutum ɗaya ne, ƙasa a yalwace, kowa daidai da kowa. Ita kuwa ta bi gida gida, gona gona, ta tarar da abin da kowane ɗan Kankiya ya sani tun yana yaro. Akwai mai rumbun da ke riƙe hatsi sai bazara ta yi nisa farashi ya hau, akwai wanda ke sayarwa da kaka don biyan haraji da bashi, sannan da damina ya tafi ƙwadago gonar wani tasa tana cika da ciyawa. Ta ga cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida ta hannun yara masu talla, wanda ba ya shiga lissafin kowace hukuma. Ƙirga ta yi ƙwarai, amma sai da ta fara koyon abin da mutane ke nufi da gandu da gayauna da arziki kafin ta san abin da za ta ƙirga.

Babban juyi a Zariya ya faru. Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya baro Ibadan a 1962 ya kafa sashen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, daga baya ya musulunta, ya fitar da wata maƙala a 1970 a kan yadda daulolin ƙasar Hausa suka kafu. Ya ce labarin Bayajida da macijiyar Kusugu ba zai iya zama bayanin asalin sarauta ba, domin labarin da kansa ya nuna baƙon ya tarar da sarauniya a kan gado. Ya karkatar da ido zuwa ga abin da ke cikin ƙasa: ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni, saboda ƙasar noma da tama da hanyar fatake da duwatsun da ake girmamawa irin Dala. Tambayar da ya bar wa ɗalibansa ita ce yaushe aka fara ba da labarin a siffar da muka sani, kuma wa yake amfana da shi.

A wannan makaranta Bala Usman ya shigo. An haife shi a 1945, jikan Sarki Dikko, ɗan Durɓin Katsina. Ya yi digiri a Lankasta ta Ingila, ya dawo a 1967 ya koyar a Kwalejin Barewa, ya kammala digirin digirgir a 1974 a kan tarihin Katsina, aikin da ya zama littafi a 1981. Ɗan gidan sarauta ne, ya san yadda ake gyara labari a fada, wataƙila shi ya sa bai yarda da kowane mai shaida a kan fuskarsa ba. Ya zaga garuruwan Katsina da na Maraɗi yana sauraron ɓangarorin biyu. Ya rubuta maƙala sukutum a kan zaman Barth a Katsina, yana tambayar kwana nawa ya yi, da wa ya zauna, wa ke kawo masa labari, wane hali yake ciki da sarki, kuma wane tunani game da jinsi da al'umma ya ɗauko daga Turai tun kafin ya ga ganuwa. Hujjarsa ita ce shaidar gani da ido ma tana da tarihi, domin ido ba ya zuwa fanko. Ya rubuta wata a kan M. G. Smith da ire-irensa, inda ya kai hari ga kalmomin aikin kansu. Idan ka fara da raba mutane gida biyu, Fulani da Haɓe, ka riga ka yanke hukunci kafin ka saurari ƙara, duk abin da ka tarar sai ya zama yaƙin ƙabila. Alhali Malam Abdussalami, wanda harin da aka kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin abubuwan da suka kunna wutar jihadi, ba Bafulatani ba ne, kuma akwai Fulanin da suka tsaya tare da sarakunan Hausa. Shi a wurinsa abin dubawa shi ne tsarin sarauta: yadda ya taso tare da birni da fatauci a zamanin Korau, yadda ya riƙa cin karo da malamai da fatake da makiyaya da manoma, har ya kasa ɗaukar nauyin al'ummar da ya tara. Ƙabila kanta, in ji shi, tarihi ne ke ƙera ta, ana shiga ana fita.

A Jamus, Hans-Georg Gadamer ya faɗi makamancin wannan a 1960, cewa babu mai fahimtar da ke tsaye a wajen tarihi, kowa da abin da ya gada yake karatu. Wannan hukunci kuwa ya hau kan makarantar Zariya ita ma. Zamaninta zamanin neman 'yancin Afirka ne da tunanin Markisanci, kuma a hannun wasu ɗalibanta aji ya zauna a kujerar da jini ya tashi a kai, ya zama sababi ɗaya mai buɗe kowace ƙofa. Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita, ya nuna a littafinsa na 1983 ƙarfin wannan hanya idan an iya ta: fari daga sama yake, amma yunwa irin ta 1914 da ta farkon shekarun 1970 tana da hannun mutane a ciki, ta hanyar harajin tsabar kuɗi da noman gyaɗa da raunin tsofaffin hanyoyin taimakon juna. Bayani ne mai nauyi. Amma a kan jihadi, wasu a jami'ar ta Zariya, irin su Ibraheem Sulaiman a shekarun 1980, sun yi ƙorafin da muke ganin yana da gaskiya. Mutanen da suka rubuta ɗaruruwan littattafai suna faɗin abin da ya tayar da su, suka bar gidajensu suka yi hijira, ba daidai ba ne a mayar da imaninsu mayafin da ke rufe rigimar haraji. Mai nazari yana da ikon ya gano abin da su ba su gani ba game da kansu, amma sai ya fara da jin abin da suka ce, kuma ya iya nuna hanyar da ta haɗa bayaninsa da maganarsu. Su ma masu wannan ƙorafi, inda suka ɗauki rubutun shugabannin jihadi a matsayin hukuncin ƙarshe suka manta da 'Yandoto da Maraɗi, sun sauka daga matsayin da Bello da kansa ya tsaya a 1812.

Bala Usman ya rasu a watan Satumba na 2005, kafin matsalar 'yan bindiga ta kai inda ta kai a jihar nan. Tun 1987 ya yi littafi a kan yadda masu neman mulki da dukiya ke juya addini don raba talakawa, kuma abin da ya yi ta faɗa game da ƙabila ya dawo mana ta hanyar da ba mu so. Rabon nan na gida biyu da ya ɓata shekaru yana rushewa ya sake miƙewa, yanzu a Facebook da saƙonnin murya na WhatsApp, yawancinsu babu wanda ya san bakin da suka fara fitowa. A ɗaya gefen kuma ga rahotannin ƙungiyoyi masu jera sababai, canjin yanayi da ƙaruwar jama'a da cinye burtali da makiyaya da yaɗuwar makamai, waɗanda duk gaskiya ne, amma ba su gaya mana abin da ya sa cikin 'yan gida ɗaya wani ya shiga daji wani ya ƙi ba. Amsar wannan tana bakin mutanen da abin ya shafa: ardo da mai unguwa, ɗan sa-kai, matar da aka kashe wa miji, yaron da ya ajiye bindiga. Jihar tana da jami'o'i a Katsina da Dutsin-ma, da ɗalibai 'yan asalin waɗannan garuruwa da ba su bukatar tafinta. Dattawan da suka ga lokacin da aka shata burtalolin da idonsu, suka kuma san wanda ya fara nome su da wanda ya sa hannu, suna raguwa kowace shekara, kuma akasarinsu ba a ɗauki maganarsu ba tukuna.